Muhawara: a ɗauke yaro daga gida mako ɗaya a dogon hutu, yana da amfani kuwa?

Alhaji Tela, Aboabo: Salamu alaikum. An kawo shawarar a kwashi yara talatin daga gidajen da rigima da rashi suka yi wa katutu, a kai su bakin tafkin Bosomtwe, kusa da garinmu Kumasi a Ghana, kwana bakwai a watan Agusta. Ban yarda ba. Yaro ya ci ya ƙoshi, ya kwana a katifa, a mayar da shi ɗakin da ya baro, ai ɗanɗana masa zuma aka yi aka janye. Kuɗin mota da masauki a saya wa uwayen masara da mai.

Malam Ticha, Asawase: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka duba abin da hutu yake kwashewa. Shirin ciyar da 'yan makarantar gwamnati, tun 2005, ranakun karatu kawai yake aiki. Ana rufe makaranta, wannan kwano ɗaya ya tafi, idon malami ma ya tafi. Yaron ko ya wuni a ɗaki da uban da ke duka, ko ya wuni yana tallan ruwan leda a kasuwar Kejetia. Masara ba ta raba shi da wannan ɗakin.

Anti Nas, Sawaba: Yana da amfani, amma sai an tsara. Babba ɗaya ga yara shida, kwanan maza daban, na mata daban, kuma kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko malami ne. Kafin tashi a karɓi izinin mai riƙon yaron a rubuce, a duba katin inshorar lafiya na NHIS bai mutu ba, a tambayi masu sikila da asma. Gidan sauro ga kowa. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen kowace katifa, ta kowa da kowa, domin yaron da ke kwana cikin tsoro yakan yi fitsarin kwance ko ya kai shekara goma. In tasa kaɗai aka sa wa leda, an tona masa asiri. Ruwa kuma, yawancin yaran unguwanninmu na zango ba su iya iyo ba, iyakarsu gwiwa.

Alhaji Tela: Anti, ba ki amsa min ba. Ranar dawowa fa?

Hajiya Magajiya, Aboabo: Alhaji, a nan ka yi gaskiya, wurin ne ake ɓata aiki. Sai dai amfanin tafiyar ba katifa ba ce. Sai dare na uku ko na huɗu, in yaro ya ga ba a yi masa tsawa ba, abinci na zuwa a kan lokaci, bakinsa yake buɗewa. Za ka ga yarinya tana ɓoye ƙosai a aljihu don gobe, ko tana kare kai da hannu in an ɗaga murya. In ta yi magana, kada a yi mata alkawarin rufe sirri, kada a yi ta jan ta da tambaya. A rubuta kalmominta yadda ta faɗa, a kai ga ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sandan DOVVSU, masu kula da cin zarafi a cikin gida. Dokar yara ta 1998 ta ɗora wa duk wanda ya sani nauyin kai rahoto. Kada a je a tunkari uban, yarinyar ce za ta sha dukan.

Malam Ticha: Hajiya, a ƙara da cewa kada a kira shi taron marayu. A haɗa da yaran da gidajensu lafiya lau, don kada a riƙa nuna su da baki a unguwa.

Alhaji Tela: To ga sharaɗina. Babban da ya riƙe yara shida a can, shi zai riƙa leƙa su duk Juma'a har ƙarshen zangon karatu. Uwar da za ta rasa cinikin talla na mako guda kuma a ba ta kayan abinci tun ranar tafiya, in ba haka ba za ta hana.

Anti Nas: Na yarda, Alhaji. Yara talatin, manya biyar ke nan, uku su zama mata. Wa zai fara ba da sunansa?