Auren rajista ya isa, ko sai an sake a coci?

Maman Talatu:
Jama'a, ku taimaka. Ni da maigidana 'yan Katolika ne, amma a ofishin rajista muka ɗaura aure, kuɗin biki ya gagara a lokacin. Yanzu Fada ya ce in dakata da karɓar tarayya, wato jibin Ubangiji. To, auren namu fa?

Katikis:
Maman Talatu, a wurin gwamnati aurenku daram yake. A coci kuwa, doka ta 1108 cikin kundin dokokin coci na 1983 ta ce sai ɗan Katolika ya yi alkawari gaban Fada ko dikon (mataimakin Fada), da shaidu biyu. Gyaran babu wuya: ku kai takardun baftisma da ta rajista, ku sabunta alkawari. Ba sai an yanka bijimi ba.

Baba Audu:
Malam Katikis, idan mijin ya ƙi zuwa fa?

Katikis:
Baba, Bishop na iya inganta auren ba tare da sabon alkawari ba, muddin yardarsu tana nan.

Maman Talatu:
Nawa ba zai ƙi ba, ɗinkin anko yake tsoro. Zan ga Fada ranar Lahadi.