Mun sayi gida a bakin tafki, an ce lasisin haya bai biyo gidan ba

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ni da ƙanin mijina muka haɗa kuɗi, har da bashin banki, muka sayi gida a wani gari na bakin tafki don mu riƙa ba masu yawon buɗe ido hayar 'yan kwanaki ta Airbnb, shafin intanet da ake tallan gidajen haya. Mai gidan ya daɗe yana haka, har littafin baƙinsa ya nuna mana. Na zuba sabbin katifu, na gyara matakalar da ke gangarawa ruwa. Da na je ofishin hukumar gari sai aka ce lasisin na mutum ne, da an sayar da gida ya mutu. Wai kuma adadin da aka ƙayyade wa unguwar ya cika, sai dai in bi layi. Ga banki ba ya jira. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Baban Yara: Hajiya, ki manta da hayar kwana. Ki sa ɗan haya na wata-wata. A garuruwa da yawa dokar tana kan hayar da ba ta kai kwana 30 ba ne.

Maman Biyu: Kuɗin wata ba zai biya banki ba, Alhaji. Mun yi lissafi sosai kafin mu saya.

Uwar Gida: Ni maƙwabcina haka yake. Baƙinsa motoci har ƙofata, kiɗa har asuba, a kira lambar da ya bari ba a ɗauka. Ina bayan hukuma.

Baban Yara: Lissafin da babu lasisi a ciki? A South Lake Tahoe ta Amurka, a 2018 mazauna gari suka kaɗa ƙuri'ar hana irin wannan haya a unguwannin zama, masu lasisi a hannu ma ta shafe su. Ki ji maganata.

Ɗan Autan Gida: Anti, ki sa gidan a Airbnb kawai, wa zai sani?

Baban Yara: Kada ki soma! Hukumomi na bin tallan intanet suna duba lambar lasisi. Ga tara, ga harajin kwanan baƙi da za su biyo ki.

Malama: Dillalin ya rubuta cewa lasisin zai koma sunanki? In ya rubuta, ki ga lauya. Kuma sunan wa ke kan takardar gidan?

Maman Biyu: Dillalin mutumin kirki ne, da baki ya faɗa. Ni dai wanda ya taɓa bin layin nan ya gaya min, wata nawa ake ɗauka?