Wane suna za mu ba "caring contacts" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Kwana biyu ke nan ina neman kalmar da za ta ɗauki abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira "caring contacts", wato ɗan gajeren saƙo da ake aika wa wanda aka sallama daga asibiti bayan ya yi yunƙurin kashe kansa, ko ya shiga matsanancin ƙunci.

Abin ya samo asali ne daga San Francisco a Amurka. Tsakanin 1969 da 1974, wani likita mai suna Jerome Motto ya ɗauki mutum 843 da suka ƙi ci gaba da ganin likita bayan sallama, ya raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa aika musu wasiƙa, sau 24 cikin shekara 5, ɗaya kashin ba a aika ba. Wasiƙar ba ta wuce layi biyu ko uku: an kwana biyu da rabuwa, muna fatan kana lafiya, in ka ga dama ka rubuto, za mu ji daɗi. Babu "ka sha magani", babu "yaushe za ka dawo". A shekara 2 na farko, masu samun wasiƙa sun fi ƙarancin kashe kansu.

Na fara da "saƙon bibiya", amma bibiya tana da ƙamshin sa ido, kamar mai bin bashi. "Saƙon jaje" kuwa tuna wa mutum abin da ya faru zai yi, shi kuma so yake ya wuce wurin. "Saƙon kulawa" ba laifi, sai dai ya yi faɗi, har allurar nas kulawa ce.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "saƙon dubiya". Ku duba yadda mai dubiya yake: ya yi sallama, ya zauna bakin tabarma, ya ce "ya ƙarfin jiki?", ya ajiye 'yar ledar lemo, ya tashi. Ba ya tuhuma, ba ya wa'azi, ba ya jiran tukuici, kuma jibi zai sake leƙowa. Wannan sake leƙowar ita ce Motto ya gwada. Kuma kowa ya san dubiya ba ta maye gurbin likita, don haka kalmar ba za ta ruɗi kowa ya bar asibiti ba.

'Yan'uwa na Sakkwato da Damagaram, a wajenku ma "dubiya" ake cewa, ko akwai wadda ta fi zama a baki?