Takardar aikin 'yata za ta ƙare a Satumba, don Allah ku ba ni shawara (tattaunawa ce ta azumin 2020)

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. A ɓoye sunana don Allah. Ni 'yar Nima ce a Accra amma a Bronx ta New York nake zaune. Na shigo da 'yata Amurka da bizar ziyara a 2004 tana shekara bakwai, biza ta ƙare muka zauna. Da Obama ya fito da DACA, shirin da ke kare waɗanda aka shigo da su suna yara daga kora, a 2012 ta cike, suka ba ta takardar aiki wadda ake sabuntawa duk shekara biyu. Yanzu a gidan kula da tsofaffi take aiki, ita ke musu wanka ita ke ba su abinci, tun da korona ta shigo kuwa ba ta da hutu, wani lokaci awa goma sha shida a tsaye. In ta dawo daga bakin ƙofa take tuɓe kayan aiki ta ƙulle a leda, shatin takunkumi ya yi mata rami a kan hanci, ko rungumar ƙanenta ba ta yi. To takardar a Satumba za ta ƙare, ga shi a wannan shekarar ta 2020 an ce kowace rana kotun ƙoli na iya yanke hukunci kan soke shirin da Trump ya yi a 2017. Babanta ya ce kar ta sabunta wai miƙa kai ne, gara a haɗa ta da ɗan abokinsa mai fasfon Amurka a yi auren takarda. Wallahi ko barci ba na yi.

Nas a Harlem: Yaya, ta sabunta yau ba gobe ba. Tun 2018 kotuna suka tilasta wa gwamnati ci gaba da karɓar sabuntawa, sababbi ne kawai ba a karɓa. Dala 495 ne a kuɗin 2020, kuma da yake an rufe ofisoshin hukumar shige da fice a Maris na 2020, da tsohon zanen yatsunta za su yi amfani. Maganar miƙa kai kuma, ai tun ranar da ta fara cikewa adireshinku da hotonta suna wajensu, me ya rage a ɓoye? In ta bari ta ƙare aikin ne zai fara tafiya, ba mai ajiye ta ba takarda.

Baban yara: Hajiya ki ba maigida haƙuri amma auren nan kar ku soma. Shekara biyar ne a kurkuku ko tarar da ta kai dala 250,000, kuma raba su ake yi ɗaki daban a yi ta tambaya, har wa ke kwana ta jikin bango. In dai da wanda take so tsakani da Allah kuma ɗan ƙasa ne wannan daban, tunda da biza ta shigo tana iya gyarawa nan cikin gida.

Wata daga Kumasi: Ni fa in ni ce gida zan turo ta, rai ya fi takarda. Ƙasar da kike wanke musu tsofaffi suna shirin korarki?

Nas a Harlem: Anti turo ta ina? Ghana ta rufe iyaka a Maris na 2020, jirgin fasinja ya daina sauka filin jirgin Accra. Kuma tana fita ba izini DACA ta mutu, ba dawowa. Yarinyar da ta bar Nima tana aji biyu!

Direban tasi: Ki kira 311, lambar hukumar birnin New York, ki ce ActionNYC, shirinsu na lauya kyauta a 2020. Kar ki kai wa masu cike fom na kan layi, mun ga yadda suke wa mutane. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a 2020 kusan mutum 27,000 masu DACA ke aikin lafiya, lauyoyi sun shigar wa alƙalan kotun ƙoli da wannan maganar a Afrilu.

Mai tambaya: Na gode Allah ya bar zumunci. Kuɗin zan cire a adashina. Babanta ne dai aiki, bari a sha ruwa in ya ci ya natsu in karanta masa na Baban yara.