Me zai ɗaga abin hawa a duniyar wata?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ɗiyata 'yar SS2 aiki a makaranta, ta zana abin hawa da zai iya tashi a duniyar wata, ta kuma faɗi abin da zai ɗaga shi. Ta dage sai na sayo mata ƙaramin jirgi maras matuƙi a kasuwar Computer Village ta kwaikwaya. Masana, ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.

Malamin kimiyya, Idi-Araba: Wa'alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka. Farfela iska take dannawa ƙasa, a wata kuwa babu iska, ko ta kwana tana juyawa ba za ta ɗaga komai ba. Injin jet ma sai ya shaƙi iska. Kada helikwaftan Ingenuity da ya tashi a 2021 ya ruɗe ta. A duniyar Mars ne, inda kaurin iska bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na tamu ba, amma dai akwai ta. A wata sai roka, mai tafe da makamashinta da abin ƙona shi. Kumbon Apollo da ya kai mutane wata ruwa biyu ya yi amfani da su, waɗanda da zarar sun haɗu sai su kama da wuta, ba sai an kunna ba.

Wani ɗalibi, Yaba: Malam, injin iyon fa, mai tura kumbo da ƙarfin lantarki? Ai bai da cin mai.

Malamin kimiyya: Gaskiya ne, amma turinsa bai fi nauyin fallen takarda a tafin hannu ba. Ya dace da doguwar tafiya a sararin samaniya. Ɗaga kaya daga ƙasa kam ba aikinsa ba ne, duk da nauyi a wata ɗaya bisa shida ne na nan.

Injiniya, Apapa: Ni a ganina ta manta da shawagi, ta zana mai tsalle. Tsayawa cak a sama da roka asarar mai ce, kowace daƙiƙa ana ƙonawa ba a matsa ba. Gara a kunna a yi sama, a kashe, sai a sake kunnawa dab da sauka. An gwada: kumbon Surveyor 6 na Amurka ya yi tsallen kusan mita 2.5 a Nuwamba 1967, kumbon Vikram na Indiya ya ɗaga kusan santimita 40 a Satumba 2023. In tana son burge malamai ta ƙara batun ƙanƙarar da aka gano a ramukan kudancin wata a 2009. Ana iya raba ruwan zuwa haidirojin da oksijin, wato man roka, a maimakon a riƙa dakonsa daga nan.

Hajiya, Obalende: Yaya, mun yi irin wannan da yarana. Robar lemo babba, a zuba ruwa kamar sulusi, a toshe, a buga mata iska da famfon keke. Ruwan ya feso ƙasa, roba ta yi sama. Ku yi a fili dai, ba a tsakar gidan haya ba, kuma kowa ya ja baya kafin a fara bugawa.