Shin kayan abincin da ba su da sanannen suna na rage kuɗin cefane?

Magidanci daga Bauchi:
Assalamu alaikum. Na ji cewa kantunan Aldi da Lidl na ƙasar Jamus sun fi sayar da kayan da masana'antu suka yi musu na kansu, kuma sun fi na manyan kamfanoni araha. Ina dalilin arahar, kuma muna da irinta a nan?

Wani ɗan kasuwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kantin yakan yi ciniki kai tsaye da masana'anta, ya ɗauki kaya da yawa, sannan ba ya kashe kuɗi wajen tallata kowane kaya, shi ya sa farashin yake sauka. Makamancinsa a wajenmu shi ne mai kantin da ke sayen buhun sukari ko shinkafa ya ƙulla a leda. Sai dai ka kwatanta farashi da nauyi, domin sau da yawa leda mai araha ba ta cika awo ba.

Wata uwargida:
Malam, a gishiri, taliya da sabulun wanki ban ga bambancin da ya cancanci ƙarin kuɗi ba, amma ina taka-tsantsan da madarar gari, saboda mai arahar yawanci an cire mata man madara an sa man tsirrai. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a sayi wadda aka ƙulla ba rubutu, musamman idan yara ne za su sha.

Wani malamin makaranta:
Mu dai mukan haɗa kuɗi da maƙwabta mu sayi buhun masara ko wake a kasuwar Muda Lawal lokacin kaka, mu raba da mudu.