Oikos, genos, phratria: meye Hausarsu?

Mai tambaya: Salam jama'a. Don Allah masana a taimaka, ƙanwata ce ta samu 'yan kyanwa uku wai sai ta sa musu sunan Girkancin da, Oikos da Genos da Phratria, kuma duk inda ta duba sai a ce ma'anarsu iyali ko dangi. To ya za a yi kalma uku su zama abu ɗaya?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne. Oikos gida ne, kar a ce iyali, don a Atina ya haɗa maigida da matarsa da 'ya'ya da bayi da gona da dabbobi, har karen gidan yana ciki. Daga nan aka samu oikonomia wato tafiyar da gida, wanda Turawa suka mayar sunan ilimin tattalin arziki.

Wani: Malam ni da gandu zan ce, tunda akwai gona da bayi.

Malamin tarihi: Ka kusa, amma gandu noma ya fi ja, shi kuwa maƙerin da ke cikin birni ba shi da ko kunya ɗaya ma yana da oikos ɗinsa. A bar shi a gida. Genos kuma zuri'a ce, masu cewa kakansu ɗaya, kuma sau da yawa da gadon muƙami, kamar zuri'ar Eumolpidai da babban mai jagorar bauta a garin Eleusis kusa da Atina daga cikinsu yake fitowa, yadda Madakin Kano ke fitowa daga Yolawa, Makama daga Jobawa. Wannan "idai" ɗin ma aikin "awa" ɗinmu yake yi.

Wata: Ba ƙabila ba kenan?

Malamin tarihi: A'a Hajiya, ƙabila phyle ce, su ne Kleisthenes, wani ɗan siyasar Atina, ya mayar goma maimakon huɗu wajen 508 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai wuyar ita ce phratria. Ƙungiya ce ta gidaje da ake shiga ta wajen uba, duk shekara a bikin Apatouria uba zai kawo ɗansa ya yanka dabba ya rantse ɗan halak ne sannan a rubuta shi.

Wani: To ai 'yan ubanci kenan hhh

Wata: Rufa mana asiri, wannan ai gaba ce. Ni dai zumunta na gani, irin ƙungiyar zumunta mai rajista da taron shekara.

Malamin tarihi: Na yarda, zumunta ta zauna. Batun suna kuma, Xenophon, wani marubucin Girka ta da, tun a zamaninsa ya ce a ba karnukan farauta gajeren suna don kira ya yi sauƙi, to Oikos da Genos sun yi, Phratria kuwa kafin ta gama cewa Firatiriya magen ta haura katanga.

Mai tambaya: Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Zan dai ce mata ta bar su da Girkancin, don in Inna ta ji ana kiran mage Zuri'a a tsakar gida ba mai kwana lafiya.